Zama Biyu na Dijatu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Ɗalibai,
Tsangayar Koyon Aikin Likita,
da duk wanda wannan takarda ta biyo ta hannunsa kafin ta kai teburin shugaban.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, Farfesa. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da abokan aikinka, da fatan ana ganin ƙarshen damina lafiya, kuma cikar Binuwai ta bana ba ta taɓa gidan kowa a cikinku ba.

"Hajiya, yarinyan nan ya yi ƙoƙari. Wallahi ya yi ƙoƙari. Amma zama biyu ya yi, mu kuma zama ɗaya muke ɗauka."

Da wannan magana jami'inka mai karɓar takardun ɗalibai ya tarbe ni a makon jiya, tun ban gama daidaita zamana a kujerar da ya nuna mini ba. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ya ba ni Hajiya kyauta, na karɓa ban yi musu ba. Ya yi maganar da Hausarmu ta Jimeta, wadda ba ta wahalar da kanta wajen raba mace da namiji. Ina son wannan Hausa tamu. Na dai yi mamakin yadda harshen da ya zuba mace da namiji a kwano ɗaya ya iya tsaga ɗaya da biyu haka tsaf, ko tuntuɓe bai yi ba.

Ba ƙararsa na kawo ba. Mutum ne mai fara'a. Ya ba mu ruwa, ya juyo mana da fanka duk da babu wuta. Abin da aka ɗora masa ya sauke. Wanda ya ɗora masa nake nema, shi ya sa na rubuto a fili, inda iyayen wasu yaran ma za su gani.

Sunana Aishatu. A Adarawo aka haife ni, a nan nake har yau, cikin gidan da kakanmu, wani farke, ya gina lokacin da ya gaji da tafiya. Na karanta harsuna a jami'a, kuma aikina fassarar labarai a wani gidan rediyo. Wato ana ba ni albashi don in ɗauki kalma in juya ta in ga abin da ke ƙarƙashinta. Ka yi mini uzuri idan na yi wa kalmarku haka. Yarinyar da ake magana a kanta Dijatu ce, 'yar wana Hamma Sa'adu, tela, mazaunin wani gari can arewacin jihar nan, a gindin duwatsu. Ni goggonta ce. Tana tsaye a bayana lokacin da ake yabon ƙoƙarinta.

Domin masu karatu da ba su da ɗa a bakin ƙofar jami'a, ga ma'anar maganar. Mai son karatun likita sai ya kawo kiredit a darussa biyar daga jarrabawar kammala sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kowane sakamako da nauyinsa. A1 ya fi B2 maki, B2 ya fi B3, haka har ƙasa. Sai a haɗa wannan da makin jarrabawar shiga jami'a, a jera yara daga sama, a ja layi inda gurabe suka ƙare. Amma kafin a fara lissafin akwai sharaɗi: dole biyar ɗin su fito daga jarrabawa guda, a takarda guda. Shi ne zama ɗaya. Wanda ya haɗo takardu biyu, ko duk A1 ne, ba a ma tsayar da shi a layin. Dijatu takardu biyu ta kawo.

Ga yadda aka yi, ranka ya daɗe. Zan jera shi daki-daki, yadda kuka fi so a ofis.

Na ɗaya. Ka san shekarar gudu. Babu wanda ke garin nan da sai an gaya masa wace shekara nake nufi. Mutane suka yi ta kwararowa daga arewa, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa, suna shigowa Jimeta da Yola kamar waɗanda aka tasa daga barci ba su gama farkawa ba. Gidanmu ya cika da dangi, da dangin dangi, da waɗanda dangantakarmu da su ba ta wuce sun hau mota ɗaya da ɗan'uwanmu ba. Hamma Sa'adu ya iso da matarsa da 'ya'yansa, da kan keken ɗinkinsa a ka. Dijatu tana cikinsu, 'yar mitsitsiya, tana famfarar haƙori.

Abin da ya fi zauna mini daga wancan lokaci ba kukan ba ne. Barcin rana ne. Bayan azahar zafin Yola yakan kwantar da kowa, a shimfiɗa tabarmi daga zaure har gindin mangwaro, mutane su zube a kai kamar an kwaɓe su an ajiye. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai kurciya. Dijatu kaɗai ba ta barci. Wata likita ta taɓa zuwa duba ƙafafun uwar Dijatu da tafiya ta kumbura, yarinyar ta ga abin da take maƙalawa a kunne tana ɗorawa a ƙirjin mutum. Sai ta samo kofin shayi na gilashi. Tana bin masu barci ɗaya bayan ɗaya a kan yatsun ƙafa, ta kifa kofin a bayan mutum, ta ɗora kunne a gindin kofin, ta rufe ido. Wata rana ta ɗago daga bayan wani dattijo ta ga ina kallonta. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Goggo, wannan ya kwanta amma cikinsa bai kwanta ba. Har yanzu gudu yake."

Ba na kawo wannan a matsayin hujja ba. Na san kofin shayi ba shi da maki a lissafinku. Na kawo shi ne don ka san cewa neman da take yi ba na bana ba ne, ba kuma wani ya zuga ta ba saboda farar riga.

Na biyu. Da abubuwa suka lafa, Hamma ya sake ɗora kan kekensa a ka ya koma da iyalinsa. A can Dijatu ta yi firamare ta yi sakandare. Ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu an ƙone shi tun shekarar gudu, bango ne kawai a tsaye, ciyawa ta fito inda tebura suke a da. Malamarsu ta Kemistiri da zoɓo take koya musu. Na gani da idona wani hutu da Dijatu ta zo mana. Ta jera kofuna uku na zoɓo a kan katangar rijiya inda hasken la'asar ke ratsa su. Ta matsa lemun tsami a ɗaya, ya buɗe ya yi ja zur. Ta ɗiga ruwan kanwa a wani, ya juye ya yi duhu-duhu, kore-kore, kamar gulbi a gindin bishiya. Na tsakiya ta bar shi yadda yake. Ta yi mini bayanin abin da ya faru a kowane kofi da sunayensa na boko, ni kuwa launin nake kallo. Da wannan kayan aiki aka shirya ta ta shiga jarrabawa ɗaya da yaran da makarantunsu ke da janareta biyu.

Na uku. Ga abin da takardarta ta farko ta ce: Lissafi A1, Bayoloji A1, Fiziks B2, Turanci B3. Kemistiri F9.

Ga kuma abin da takardar ba ta ce ba. Babbar takardar Kemistiri tana cikin na ƙarshe-ƙarshe, farkon damina. An raba, an ce kowa ya fara da sunansa da lambarsa. Ta rubuta. Tana cikin karanta tambayar farko, wadda har yau tana iya maimaita ta kalma-kalma, sai aka ji ƙara daga bayan dutse. Ta farko wasu suka ce taya ce ta fashe. Ta biyu babu wanda ya ce komai. Mutanen garin nan, ranka ya daɗe, ba sa jiran ta uku. Sun taɓa jira sun ga abin da ya biyo baya. Mai sa ido ya ce kowa ya nemi hanya, kuma daidai ya yi. Ƙofa ta cushe. Dijatu ta fita ta taga.

Ashe wani ƙauye ne a bayan dutsen aka afka wa, ba a shigo garinsu ba. Amma kafin mutane su yarda su dawo daga gonaki da ƙauyukan da suka watsu, jarrabawa ta yi gaba abinta. An tattara takardun yadda aka same su a kan tebura. Tata tana ɗauke da suna da lamba, da kyakkyawan rubutu, sai fili. Da ba ta rubuta sunan ba, da an ce ba ta halarta ba. Amma yarinya ce mai bin doka. An ce a fara da suna, ta fara da suna, sai aka ce ta zo ta faɗi.

Wannan F9 ba nata ba ne, Farfesa. Na masu bindiga ne. Ita dai aka ba ajiya.

Na huɗu. Bayan haka aka turo mini ita Adarawo. Ta zo ba ta yawan magana, kuma duk ɗakin da ta shiga sai ta zauna inda take ganin hanyar fita. Muka yi shawara da Hamma ta waya a kan jarrabawar ƙarshen shekara, wadda masu gyaran sakamako ke shiga. Ya yi magana irin ta tela. Ya ce, "Aisha, wuri ɗaya ne ya yage. A ɗinke wurin mana. Me za a taɓa a sauran?" Na ga hankali a maganarsa. A tsangayarmu ta harsuna babu wanda ya taɓa tambayarmu sau nawa muka zauna. An ce dokarku tana rubuce a shafinku na intanet, kuma na yarda tana nan. Na je na same ta daga baya, tana zaune lafiya a wani lungu, cikin ƙananan haruffa. Ko da mun gan ta a lokacin, ban tabbata Dijatu za ta iya shiga zauren jarrabawa sau biyar a wannan shekarar ba. Sau ɗayan ma da kyar ƙafarta ta yarda.

A wata makaranta a Damilu ta rubuta. Ni na kai ta a keke, na zauna a waje gindin darbejiya ina jira. Ta roƙi a ba ta kujerar da ke kusa da taga. Suka ɗauka iska take so, suka ba ta. Ba ta fita ta nan ba. Ta zauna har aka ce a ajiye biro, ta fito ta ƙofa tare da kowa, ta ce mini yunwa take ji. Sakamako ya fito A1.

Sai jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta. A ofishinmu ta fara koyon riƙe linzamin kwamfuta, bayan an tashi aiki. Makin da ta samu ya haura wanda kuka yanka da tazara mai faɗi. Ba ni na faɗa ba. Jami'inka ne ya ɗauki biro ya haɗa lissafin don ya gamsar da kansa, ya dube shi, ya girgiza kai ya ce da takardar guda ce, da tana cikin na sama-sama. Sannan ya miƙo mana takardunmu da hannu biyu, cikin ladabi.

Na biyar. Ba na cikin masu cewa dokarku ba ta da dalili. Gurabe kaɗan ne, masu nema sun yi yawa, dole a sami abin tankaɗe. Na kuma fahimci abin da kuke son aunawa: likita mutum ne da za a ɗora wa kaya da yawa lokaci guda, kuna son wanda ya nuna tun yana yaro cewa wuyansa zai ɗauka, ba wanda ya yi ta tsintar kiredit shekara bayan shekara ba. Ni ma wata rana zan kwanta a gadon asibiti, kuma ba na son hannun da zai taɓa ni ya zama na wanda aka shigar don tausayi.

Amma mu duka mun san makarantun nan na bayan gari da ake kira mirakul santa, inda yaro zai je baƙunta ya dawo da A1 reras a zama ɗaya, alhali ba zai iya rubuta takardar neman izinin fita ba. Wannan yaro dokarku ba ta ganinsa. Takardarsa guda ce, a goge, ba lanƙwasa. Wadda dokar ta gani ita ce wadda ta kawo gaskiyarta kashi biyu, kowane kashi da hatiminsa. Idan juriya kuke aunawa, ban san wane awo ne zai nuna cewa yarinyar da ta fita ta taga, ta dawo bayan wata biyar ko shida ta zauna kusa da wata tagar ta ci A1, ta gaza wanda bai taɓa jin ƙarar da ta wuce ta ƙararrawar tashi ba.

Kuma ka lura, ban ce a ƙara mata ko rabin maki ba. A1 na zoɓo da A1 na janareta nauyinsu ɗaya a sikelinku, na bar shi haka, duk da ina da abin cewa. Abin da ya dame ni shi ne ba a ma ɗora nata a sikelin ba.

Na shida. Yanzu ka ƙyale ni in yi sana'ata. Tun da muka baro ofishinku kalmar nan take bina, har cikin ɗakin karanta labarai. Zama. A harshenmu kalma ce guda mai ɗakuna uku. Akwai zama a kujera. Akwai zama a gari, wanda in ya yi daɗi muke ce masa zaman lafiya. Akwai kuma zama wani abu, kamar a ce yarinya ta zama likita. Kun ce sai ta yi na farko sau ɗaya tak kafin ku bar ta ta yi na uku. Kun tsallake na tsakiya. Zama ɗaya ba hazaƙa kaɗai ke ba da shi ba. Zaman lafiya ke ba da shi. Yaron da ya zauna sau ɗaya ya gama, garinsa ne ya fara zama kafin shi. Dijatu tun tana famfara ake tashinta. Abin da kuke nema a wurinta, shi ne daidai abin da masu bindiga suka ƙwace mata, sau biyu. Sun hana ta zama, ku kuma kun ce don me ba ta zauna ba.

Wani lokaci in na gama labaran rana, ɗaki ya yi shiru, nakan rufe ido in ga wani abu. Ina ganin Binuwai da rani, ruwa ya janye ya bar farin yashi shimfiɗe har inda ido ya gaji. A kan yashin an jera tebura da kujeru, layi-layi, babu bango, babu taga, babu agogo. A kan kowane tebur akwai takarda mai suna da lamba, biro yana kwance inda aka sake shi. Sai in ga yara suna saukowa daga gaɓa ta kowane ɓangare, a hankali, babu mai gudu. Wasu sun girma, wasu sun goyo 'ya'ya, wasu hannayensu duk baƙin man inji. Kowa ya nemi sunansa ya zauna. Wani mai sa ido da ban taɓa ganin fuskarsa ba ya ce, ku ci gaba daga inda kuka tsaya. Ba ka jin komai sai tafiyar biro da kukan tsuntsayen ruwa. Daga nan sai wani ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce saura kaɗan a shiga sanarwar jana'iza da ɗaurin aure, in buɗe ido.

Na san jami'a ba ta aiki da mafarkin rana. Amma abin da nake roƙo bai fi wannan girma ba: a yarda cewa abin da Dijatu ta yi a Damilu ba sabon zama ba ne. Wancan na farkon ne ta dawo ta ƙarasa.

Na bakwai, kuma shi ne ya sa ban jira ba. Jami'inka ya ba mu mafita. Ya ce ta canza kwas zuwa ilimin tsirrai, inda ake karɓar takardu biyu. Ilimi ne mai daraja, ban raina shi ba. Amma damar canzawar za ta rufe kafin sunayen ƙarshe na waɗanda kuka ɗauka su fito. In ta canza, ta bar likita ke nan. In ta jira kuka ƙi ta, ta rasa duka biyun, kuma makin jarrabawar shiga jami'a shekara ɗaya yake rayuwa. Sai ta koma farko: darussa biyar, da jarrabawar kwamfuta, da wata shekarar, da addu'ar kada wani abu ya sake yin ƙara a bayan wani dutse.

Ni mace ce mai lissafi da sanyin kai, don haka a nan gaban teburin na juya na ce mata ta karɓa. Sai ta ce, "Goggo, na gaji da bin taga. Ta ƙofa nake so in shiga. In kuma rufewa za a yi, a rufe ina tsaye ina gani."

Ba ta canza ba. Tana gida yanzu, tana koya wa 'ya'yan maƙwabta lissafi a zaure, tana jiran ku.

Da na miƙe, na tambayi jami'in yaushe sunayen ƙarshe za su fito. Zan kawo amsarsa yadda ya faɗe ta, domin ita ce ta sa na ɗauki biro.

"Ai kwamiti bai gama ba, Hajiya. Ranan da suka zauna hadari ya taso, iska ya yi ƙarfi, wuta ya ɗauke. Kowa ya fita ya cire motansa daga gindin bishiya. Sai sun yi zama na biyu."

Shi bai ji abin da ya faɗa ba. Ni na ji. Dijatu ma ta ji, don na ga gefen bakinta ya motsa, abin da na daɗe ban gani ba.

Ba na zargin kwamiti, ranka ya daɗe. Hadari ya taso, mutum ya tashi ya tsare abinsa. Haka masu hankali suke yi. Babu wanda zai ce hukuncin da za ku yanke a zama na biyu bai inganta ba saboda iska ta katse na farko. Babu wanda zai ce ku koma ku fara daga sunan farko, ko ku bari sai baɗi. Za ku dawo, kowa ya nemi kujerarsa, ku ci gaba daga inda kuka tsaya. Haka ya kamata. Ku iska ce ta tashe ku, kuma mota kuka je ceto.

Saboda haka ga roƙona.

Ina roƙon a zamanku na biyu ku tsayar da Dijatu a layi, ku haɗa makinta yadda kuke haɗa na kowa. In ta faɗo ƙasa da inda kuka ja layin, za mu yi godiya mu tafi, ba za ku sake jin muryata ba sai a rediyo.

Ina roƙon ku buɗe wa dokar nan 'yar kafa, ba don ita kaɗai ba. Inda shugaban makaranta da masu sa ido suka shaida cewa hari ne ya watsa zauren jarrabawa, a ɗauki takardu biyun a matsayin zama ɗaya da aka katse. Ba ita kaɗai ta bi taga ran nan ba. Ita ce dai take da goggo mai yawan magana.

Ina roƙon a ɗage rufe damar canza kwas zuwa bayan fitar sunayenku, don kada a tilasta wa yaro ya zaɓa ido rufe.

In kuma kun ga dole dokar ta tsaya yadda take, to a fito da ita daga lungun da take. A faɗe ta da Hausa da Fillanci a gidajen rediyo kafin yara su yi rajista, yadda tela a gindin dutse zai ji cewa a wurinku ba a ɗinke inda ya yage. Ni zan fassara muku ba ko sisi, kuma zan zaɓi kalmomin da kyau.

Allah ya ja zamaninka, Farfesa, ya yi maka jagora a wannan aiki mai nauyi na zaɓen 'ya'yan mutane. Allah ya sa 'ya'yanka da jikokinka su yi ta zama ɗaya suna gamawa, kada su taɓa sanin amfanin taga banda shan iska. Allah ya sa zamanku na biyu ya ƙare lafiya, ba hadari, ba ɗauke wuta. Allah ya zaunar da ƙasarmu.

Ran nan a ofishinku, Dijatu ce ta riga ni fita. Na hango ta ta sauka daga baranda ta shiga rana, takardunta biyu rungume a ƙirji, tana tafiya ba gaggawa, ba ta waiwayo ba. Jami'inka ya ɗaga murya daga bayana ya ce, "Hajiya, ja mana ƙofa, kar sanyi ya fita." Fankar tana nan a tsaye tana kallon kujerar da na bari. Na ja ƙofar a hankali har ta rufu. Na ɗan tsaya na kasa kunne, ban ji an murɗa makulli ba. Sai na gyara mayafina na bi bayanta.

Wassalam, tare da girmamawa.

Aishatu, goggon Dijatu,
Adarawo, Yola.